Ganuwa a Gaban Igwa: Nazari Daga Ƙofar Marke

Wanda ya tashi a cikin garin Sakkwato ya san Ƙofar Marke a matsayin unguwa tun kafin ya san ta a matsayin ƙofa. Ɗan kabu-kabu zai kai ka can bai tambaye ka wace ganuwa aka huda aka yi ta ba, domin ganuwar ta daɗe da komawa cikin ƙasar da aka ɗebo ta. Sunayen ne suka rage, ana lissafa su takwas: Marke, Rini, Kware, Dundaye, Kaɗe, Aliyu Joɗi, Atiku da Taramniya. Waɗansu sunan itace suka ci, waɗansu sunan garin da hanyarsu ta nufa, waɗansu sunan manyan mutanen jihadi. Kowace da tana da ƙyaure da mai tsaronta, ana rufe ta in rana ta faɗi.

Akwai wata magana da ake yawan faɗa in an zo batun zuwan Nasara, har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja: wai ganuwar ƙasa ce ta haɗu da igwa, ƙasa kuwa ina za ta iya da ƙarfe da wuta. Na daɗe ina jin wannan magana ba ta zauna mini ba, saboda abin da ya faru a fagen fama bai gaskata ta ba. Babu harsashin igwa ko ɗaya da ya fasa Ƙofar Marke, ko wata daga cikin 'yan'uwanta bakwai, a ranar 15 ga Maris 1903. A Kano kuwa, inda aka yi ta dukan ganuwa da igwa makonni shida kafin nan, ganuwar ba ta faɗi ba. Abin da ya kāsa wani abu ne daban, kuma ba za a gane shi sosai ba sai an dubi yadda waɗansu al'ummomi suka sha fama da wannan matsala ɗaruruwan shekaru kafin ta iso mana.

Kagarar Turai ta zamanin tsakiya, wadda sarakuna da barade ke zama ciki, an gina ta ne don maganin tsani da kibiya da majaujawar jifa. Don haka darajarta tsawo: bango na dutse, dogo, miƙaƙƙe, ba shi da kauri ƙwarai in an gwada da tsayinsa. Igwa ta mai da wannan daraja aibi. Dunƙulen dutse ko na ƙarfe in ya daki gindin bango irin wannan, tsaga ce ke bin jikinsa. In aka nanata dukan wuri guda, nauyin sama ne da kansa zai kayar da shi, ɓaraguzan kuma su cike ramin da ke gabansa su zama matakalar mahara. Faransawa sun nuna haka a 1449 zuwa 1450, lokacin da suka ƙwace kagarun Ingilishi na yankin Nomandi ɗaya bayan ɗaya cikin shekara guda. A 1453 Sarki Muhammadu na Biyu na Usmaniyya ya kafa manyan igwoyi a gaban bangon Kustantiniya, wanda ya yi kusan shekara dubu yana tsaye, birnin ya faɗi ran 29 ga Mayu. A 1494 Sarkin Faransa Sharl na Takwas ya shiga Italiya da igwoyin tagulla masu ƙafa, dawaki na jan su, kagarun da aka saba yi wa zobe na watanni suka riƙa faɗuwa cikin yini.

Gyaran da magina suka yi bai zo a rana ɗaya ba, kuma fuska biyu gare shi, waɗanda ya kamata a rarrabe, domin a nan ne zancenmu zai rataya. Fuska ta farko ita ce jurewa: a rage tsawon bango, a ƙara masa kauri, a cika bayansa da ƙasa, a zurfafa rami, a tara tudun ƙasa a gabansa yadda mai harbi daga nesa ba zai ga gindinsa ba. Mutanen Fisa a 1500, da na Faduwa a 1509, sun gano cewa tudun ƙasa da aka yi cikin gaggawa a bayan tsohon bango ya fi bangon kansa amfani, domin ƙasa haɗiye harsashi take yi, ba ta tsagewa. Mayaƙan tsibirin Rodas sun ƙara kaurin bangonsu har kusan mita 12 bayan zoben 1480. Fuska ta biyu ita ce ramawa: a sama wa igwa wurin zama a jikin kagara. Da farko 'yan kafofi aka huda, masu kama da ramin mabuɗi, irin waɗanda ake gani a ƙofar yamma ta Kantabari da aka gina wajen 1380. Sai aka ga igwa na da nauyi, tana ja da baya in ta tashi, hayaƙinta na shaƙe mutane a ɗaki rufaffe. Dole aka sare kan hasumiya aka yi dandali mai faɗi. Daga ƙarshe magina Italiya suka zo da ƙusurwa mai tsini da ke fitowa daga jikin bango kamar kan mashi, yadda kowace ƙusurwa ke share gaban 'yar'uwarta da wuta, babu inda mahari zai laɓe. Daga 'yan kafofin Kantabari zuwa wannan siffa an yi kusan shekara 150 ana gwaji ana asara. Sarkin Sikotlan Jems na Biyu ma igwarsa ce ta fashe ta kashe shi a 1460, a shekarar da ya sa aka fara gina masa kagara mai jure igwa a Rabinskireg.

To, mu dawo gida. Abin da Turawa suka koma gare shi bayan wahala, wato bango mai faɗin gindi na ƙasa zalla, shi ne abin da maginin ƙasar Hausa ya gada tun kaka da kakanni. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar birnin a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka ƙara a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Ba don igwa aka yi mata wannan kauri ba. Ƙasa ce ta tilasta: wanda zai ɗaga bangon tubali ya kai ƙafa talatin, dole ya shimfiɗa masa gindi mai faɗi ya riƙa tsukewa yana hawa, in ba haka ba damina ɗaya za ta kwantar da shi. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar shi ya zama gwalalo, aka bar sarƙaƙiya ta cika shi, doki ba ya ratsawa, mai ƙafa ma sai ya sha ƙaya. Daga ciki aka yi badala, inda 'yan baka ke tsayawa suna harbi ta kan bango. Masanin tarihi Tonio Andrade, a littafin da ya fitar a 2016 kan zamanin albarushi, ya kawo irin wannan hujja game da ƙasar Sin: ganuwarsu ta daɓaɓɓiyar ƙasa ta yi kauri har ba wanda ya ga amfanin ƙera katuwar igwa don fasa ta, alhali su suka fara sanin albarushi. Ina ganin hujjar ta hau kanmu ta wani gefe, sai dai mu dalilin rashin igwar ya fi nasu yawa.

Ganuwar Sakkwato ƙarama ce a shekaru in an gwada da ta Kano. Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, a kan tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato, aka kewaye shi da ganuwa, aka ƙara faɗaɗa ta sa'ad da Shehu ya taso daga Sifawa wajen 1815 da jama'arsa. Baturen nan Clapperton, da ya kira kansa Abdullahi, ya iso a watan Maris 1824, ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 20 zuwa 30, ya kuma ƙirga ƙofofi 12. Abin da ya fi jan hankalina a ganawarsa da Sarkin Musulmi Bello shi ne, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da igwa biyu da kayan harbinsu. Ke nan ba a jahilci makamin ba. Bello malami ne mai karatun tarihin daulolin Musulmi, ya san abin da Usmaniyya ke yi da igwa, kuma labarin Barno na isowa: a wannan shekarar ce Shehu Laminu ya yi amfani da igwoyi biyu na tagulla, waɗanda wani kafinta Bature mai suna Hillman ya yi wa ƙafa a Kukawa, ya tarwatsa rundunar Bagarmi a Ngala. Igwoyin da Bello ya nema ba su zo ba.

Da Clapperton ya dawo a 1826 ya tarar da Bello ya yi wa Gobirawa zobe a Konya, ya kuma ga yaƙin da idonsa. Runduna ce ta dubban dawaki da dakaru, amma bindigogin da ya ƙirga cikinta ba su kai hamsin ba. Aka yini ana kai hari ana dawowa, masu lifidi su matsa kusa da ganuwa su juyo, garin bai ciwu ba. Wannan hoto shi ne hoton yaƙin birni a ƙasar Hausa kusan ƙarnin nan duka. Gari mai ganuwa ba a cinsa sai da yunwa, ko cin amana daga ciki, ko mamaya, ko a ƙone ƙyaure, ko a sare jikin bango da gatari da sungumi ƙarƙashin ruwan kibau. Argungu ta tsaya wa Sakkwato shekaru da dama a kan wannan. In haka ne, me zai sa sarki ya kashe dukiya ya sāke siffar ganuwarsa don makamin da babu maƙiyinsa ko ɗaya da ke da shi? Ganuwa amsa ce, ba ta kuma amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Sakkwato. Bello bai ɗora tsaron daular a kan bangon babban birni ba. Ya ɗora shi a kan ribaɗi: garuruwa masu ganuwa da aka jera a bakin iyaka, aka zaunar da malamai da mayaƙa da makiyaya da manoma cikinsu, aka ba 'ya'ya da 'yan'uwa riƙonsu. Wurno, inda shi kansa ya zauna har ya rasu a 1837, tana cikinsu. Haka Kware da Rabah da Gandi, daga baya Cimmola da Gwadabawa ta fuskar Gobir da Adar, da Tambuwal da Silame ta fuskar Kabi. Murray Last ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1967. Ma'anarsa a wajen soja ita ce, mahari daga Tsibiri ko Maraɗi ko Argungu zai ci karo da ribaɗi tun yana nesa, in ya wuce shi kuma ya bar maƙiyi a bayansa. Dabara ce mai kyau ƙwarai ga irin yaƙin da aka sani, kuma ta yi aiki: ba a taɓa cin Sakkwato da yaƙi ba tsawon ƙarnin. Amma nasarar da kanta ta rage wa ganuwar birnin muhimmanci. Bangon ƙasa rayuwarsa yaɓe. Kowace shekara bayan damina sai an yi gayya, kowane mai unguwa da kowane hakimi da rabonsa, a kwaɓa ƙasa a toshe inda ruwa ya zaizaye. Garin da ya shekara hamsin bai ga maƙiyi a ƙofarsa ba, hannunsa kan yi sanyi a wannan aiki. Sarakunan Musulmi da dama ma sun fi zama a Wurno ko Cimmola. Sa'ad da 1903 ta zo, ganuwar Sakkwato ta riga ta lalace a wurare.

Ƙasa ɗaya ce a cikin Hausa ta ɗauki igwa da gaske, ita ce Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya gina ganuwar Birnin Zinder a shekarun 1850, ya buɗe hanyar fatauci da Tarabulus, ya sa maƙera suna zuba igwa suna haɗa albarushi a cikin gari. Labarin da Bajamushen nan Nachtigal ya samu a Barno ya ba shi bindigogi wajen 6,000 da igwoyi wajen 40. Ko da an rage wani abu daga wannan adadi, babu sarkin Hausa da ya kusanto shi. Amma abin lura, igwar Damagaram ba ta sāke fasalin ganuwar maƙwabta ba. Ƙirar gida ce, ba ta da saiti mai kyau, ɗaukarta zuwa fagen fama wahala ne, ƙararta ta fi cizonta. Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, ya yi ɓarna a Gezawa, amma birnin Kano bai ciwu gare shi ba. Kuma da Faransawa suka zo a 1899, bai tsaya bayan ganuwarsa da igwoyinsa ba. Fita ya yi ya tare su a Tirmini a ƙarshen watan Yuli, aka karya shi a fili, suka shiga Zinder ba tare da sun fasa bango ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin abin da zai faru a Sakkwato ke nan bayan shekara huɗu.

Igwar da ke fasa gari ta iso ne a makare, kuma gaba ɗaya. A Janairun 1897 sojan kamfanin Neja suka ja manyan igwoyi zuwa Bida. Nufawa suka fito da dawaki suka yi kwana biyu suna gwabzawa a waje, daga nan igwa ta riƙa jefa harsashi ta kan ganuwa zuwa cikin gari, wuta ta kama jinka. Wannan wani rauni ne da kaurin bango ba ya magani: harsashi mai fashewa ba ya buƙatar huda ganuwa in zai iya tsallake ta. A Mayun 1898 Faransawa suka fasa katangar Sikaso da igwa, wadda Samori ya yi fiye da shekara yana kewaye da ita a 1887 zuwa 1888 bai shiga ba. A Satumban 1901 aka kai wa Yola hari. Lamiɗo Zubairu na da igwoyi biyu da Bafaranshe Mizon ya bar masa, aka harba su daga kusa wajen fada, suka yi wa maharan ɓarna, aka ƙwace su a ranar. Daga Bida zuwa Kano shekara shida ce cif. Abin da Turai ta yi shekara 150 tana koyo, shekara shida aka ba mu, kuma ba igwar dunƙulen dutse aka kawo mana ba, ta ƙarshen ƙarni na 19 ce, tare da bindiga mai ruwa.

Duk da haka Kano ta yi abin da ya cancanci a tsaya a kai. Sarki Alu ya sa an gyara ganuwa kafin zuwan Nasara, kuma rahoton da Gwamna Lugga ya aika Ingila ya nuna mamakinsa a fili. Ya ba da kewayenta mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta wajen ƙafa 40, ga rami biyu a gaba, ga kafofin harbi kusa da kanta, ga ƙofofi 13. Ya lura cewa ƙyauren kansa ba wani abu ba ne, amma zauren da aka kafa shi ciki dogo ne mai lanƙwasa, harsashi ba ya ratsa shi kai tsaye. Waɗansu ƙofofin kuma an shigar da su ciki, ganuwa ta fito ta dama da hagu kamar hannuwa biyu, duk mai nufar ƙofar sai ya bi ta tsakanin wuta biyu. Wannan ita ce ainihin hikimar ƙusurwar magina Italiya, a share gaban bango daga gefe, an kuma kai gare ta a nan da tubali da azara, don kibiya da bindiga. Kanar Morland ya taso daga Zariya ran 29 ga Janairu 1903 da soja wajen 800, igwoyi huɗu masu bakin milimita 75, da bindiga mai ruwa huɗu. A Bebeji harsashi ɗaya ya ɓalle ƙyaure ya kashe sarkin garin da ke bayansa. A Kano ran 3 ga Fabrairu abin bai zo da sauƙi haka ba. Igwar irin ta hawan dutse ce, wadda 'yan dako ke ɗauka gunduwa-gunduwa, harsashinta bai wuce kilo shida ba. Ya riƙa nutsewa cikin ganuwa kamar an jefa tsakuwa a cikin tuwo. Ƙofar da suka fara gwadawa ta gagare su. Sai da suka zagaya yamma suka sami Ƙofar Kabuga, wadda ba ta da irin wancan tsari, suka fasa ta suka kutsa. Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da mafi yawan dawakin Kano. Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya yi yaƙi har ya faɗi a gidan sarki.

Darasin Kano a wajena ya fito sarai. Ta fuskar jurewa, ganuwa ta yi aikinta. Ta fuskar ramawa ne babu komai. Maharan sun kafa igwoyinsu a fili, a tazarar da kibiya ba ta kaiwa, bindigar toka ma ba ta kaiwa da saiti, suka zaɓi ƙofar da suke so cikin natsuwa, ba mai tayar musu da hankali. A Turai abin da ke hana mahari yin haka shi ne igwar da ke kan kagara, wadda ke tilasta masa ya tsaya nesa ya yi makonni yana haƙa ramuka kafin ya matso. Ganuwarmu kuwa, ko da an sami igwar, ba ta da inda za a ɗora ta: badala siririya ce, an yi ta daidai tsayuwar mutum da bakansa, kan bangon kuma ya tsuke. Sannan ga tsawo. Birnin Hausa yakan kewaye gonaki da kududdufai da makiyaya don kada yunwa ta ci shi a lokacin zobe, abin da ya sa kewayen Kano ya kusan kilomita 18. In za a tsayar da mutum ɗaya a kowace mita biyu, ana neman wajen mutum 9,000, mahari kuwa wuri ɗaya kawai yake bukata. Ƙofa goma sha biyu masu kyau ba su hana ta goma sha uku zama hanya.

Da wannan labari a kunne aka yi shawara a Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai fi wata biyar a kan gado ba, bayan rasuwar Abdurrahman a Oktoban 1902. Akwai masu ra'ayin hijira, akwai masu ra'ayin yaƙi, akwai masu ganin a nemi sulhu. Da aka tsaya a kan yaƙi, sai aka fita waje, aka ja dāgā a filin Giginya kudu da gari, Sarkin Musulmi a tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim a gefuna biyu. Waɗansu marubuta sun ɗauki wannan a matsayin kuskure, ko jarumtar da ba lissafi. Ban yarda da su ba. Kano, wadda ganuwarta ta fi tasu tsawo da kauri da gyara, ta faɗi cikin yini guda. Ƙarfin rundunar a kan doki yake, doki kuwa a bayan bango ba shi da amfani, sai cin harawa. Labarin Bida ya nuna abin da harsashi ke yi wa gari mai jinka, a cikin garin nan kuwa akwai mata da yara da malamai da littattafai, akwai Hubbaren Shehu. Mutanen da suka zaɓi fili sun san abin da suke tsarewa. Abin da ba su da maganinsa shi ne sahun soja mai kusurwa huɗu da bindiga mai ruwa a kowane gefe. Yaƙin bai daɗe ba, waɗanda suka tsaya wajen tuta suka yi shahada a wurin, rundunar ta watse, Nasara suka shiga gari ta ƙofofin da ba wanda ya rufe. Waziri Buhari ya dawo ya zauna da jama'ar da ta rage, Lugga ya iso ran 19 ga wata, aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba ran 21.

Wanda ke son ya ga abin da ganuwa da mutane masu niyya za su iya, ya bi Attahiru na farko zuwa gabas. Burmi ƙaramin gari ne kusa da gulbin Gongola, ganuwarsa ba ta kama ƙafar ta Kano ba. A 13 ga Mayu 1903 wata ƙaramar runduna ƙarƙashin Kyaftin Sword ta kai masa hari, aka yini ana yi, ta janye da raunuka masu yawa. Sai da aka tara wata babba da igwa aka dawo ran 27 ga Yuli, aka yi yaƙi gida-gida har magariba. Manjo Marsh da ya jagorance su kibiya mai dafi ta kashe shi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ƙaramin kewaye da aka cika da mayaƙa ya fi wahalar ci bisa ga babban birni da aka bar wa 'yan tsiraru, kuma wannan ma abu ne da magina kagarun Turai suka sani.

Bayan 1903 babu sarkin da ke da dalilin kiran gayyar ganuwa, babu kuma ikon tilasta ta yadda aka saba, musamman da bauta ta fara warwarewa. Ruwan sama ya ci gaba da aikinsa kowace shekara ba mai mayar masa da yaɓe. Gari ya cika ya tumbatsa, aka yanka hanyoyin mota, masu gini suka ga tulin ƙasa kwaɓaɓɓiya a bakin gida suka ɗiba suka yi tubali, har wani sashen ganuwar Bello yana nan cikin katangun gidajen unguwannin da ke ɗauke da sunayen ƙofofinta. Mai son ya san inda ta bi a wajen Ƙofar Marke yau, sai ya lura da inda lungu ya karkata ba dalili, da inda ƙasa ta ɗan yi tudu ta gangara, da layin tsofaffin kududdufai da aka cike, sannan ya zauna da dattawan magina na unguwar tun suna da sauran ƙarfin nuna masa da sanda.